Jar Kala a Farantin Tatang

Shafi na 12

Masu cika min waya da saƙo tun jiya, "Jovelyn ci gaba mana, Jovelyn kin bar mu a rataye," to ga shi nan, ku sarara min haka. Ku daɗin karatu kuke ji, ni kuwa kowane layi sai na ajiye wayar na rufe fuska kafin in iya rubuta shi. Ke kuma da kika rubuta cewa ba ni da kunya, 'yar'uwa, karanta na yau tukuna.

Wanda yau ya fara shigowa, ga inda muka kwana. Mahaifinmu, Tatang Segundo, ya rasu shekara biyu ke nan. Ya bar mana gonar stroberi a kwarin La Trinidad, da wani iri nasa na kansa da ya yi shekara talatin yana reno. 'Ya'yan ƙanana ne, ba su da kwarjini a kwando, amma in ka yanka ja ne har zuciya. Duk kwarin ba mai shi sai mu. Kowace damina ana kwashe iyayen shukar a hau da su tudu kafin ruwa ya cika kwarin, kuma bana ni ce mai kwashewa. Na ce bari in je bakin teku in dawo, kwana uku kacal, ni da saurayina Rodel. Guguwa ta riga ni dawowa. Ko ganye ɗaya bai tsira ba. Na sayo irin da kowa ke shukawa na dasa, na ja bakina na tsuke. Nanang, mahaifiyarmu, ciwon gwiwa ya hana ta sauka gona. Yayana Manong Wilmar kuma yana aikin gona a Japan, ko jana'izar Tatang bai samu zuwa ba. Shi ne ya diro gida ana gobe Kirsimeti.

Safiyar Kirsimeti na tashi da ciwon kan ƙarya.

"Ku tafi coci kawai," na ce ina dafe da goshi. "Ni zan tsaya in haɗa na Tatang, kafin ku dawo ya yi sanyi."

Nanang ta taɓa wuyana da bayan hannunta. "Jikinki ba zafi."

"A ciki yake, Nanang."

"To ki sha magani. Kuma ki zaɓi masu kyau, kin san mahaifinki ba ya cin na banza."

Manong ya tallafe ta suka fita a hankali, ita da sandarta, shi da sabuwar rigar sanyinsa. Ina jin an ja ƙofa na diro daga gado kamar ba ni ba.

Abin da muke kira "na Tatang" ba wani abin wahala ba ne. Ka jera biskit a ƙasan kwano mai faɗi, ka buga kirim da madarar gwangwani mai kauri ka shimfiɗa, ka jera yankakken stroberi, ka sake biskit, ka sake kirim, har kwanon ya cika. Sai firiji, awa biyu. Minti ashirin ya ishi mai hannu. Amma Tatang duk shekara sai ya sa shi a gaba yana washe baki kamar an yanka masa sa. Tun da ya rasu kuwa, ba mai taɓawa sai an fara yanka masa nasa an ajiye a gaban hotonsa, wato atang, Nanang ta kira sunansa ya zo ya ci. Kuma nunan farin gonarsa ake sawa a ciki, ba na wani wuri ba.

Na jawo kwandon daga ƙarƙashin gadona, inda na ɓoye shi tun jiya don kada Manong ya gani. Manya-manya, sai sheƙi suke. Na ɗauki guda na yanka.

Fari fat, har da rami a tsakiya.

Na san haka zai kasance, wata uku ina kallonsu suna girma.

Na zura hannu a aljihun zanen girkina na zaro 'yar kwalbar. Jar kala ce, irin wadda ake ɗiga wa kek. Har cikin kasuwar Baguio na shiga mota na je na sayo ta, wai don kada wanda ya san ni ya gan ni. Na yayyanka stroberin ƙanana-ƙanana yadda ba mai gane girmansu, na barbaɗa sukari, na ɗiga kala, na cuɗa da hannu. Bai yi ba. Na ƙara. Na sake ƙarawa. Sai ga shi ya yi ja har ya so ya fi na Tatang, ni kuma don wauta har da ajiyar zuciya.

Na jera biskit, na buga kirim, na shimfiɗa. Ina kan hawa na biyu na ji murya a bayana.

"Ashe mai ciwon kai ta warke."

Saura kaɗan kwanon ya suɓuce min.

Anti Turing ce, ƙanwar Tatang. Shekara talatin tana sayar da stroberi a bakin titi, ba baƙon da ya taɓa taya kayanta ya ci riba. Ta shigo ta ƙofar baya da tukunyar taliya a hannu, ta yi cocinta tun da asuba.

"Anti, barka da Kirsimeti."

"Barkanmu dai. Na haɗu da su a hanya, suka ce kina kwance rai a hannun Allah." Ta dire tukunyar. "Me ya samu hannunki?"

Na kalli hannuna. Tun daga farce har wuyan hannu ja ne jawur.

"Ruwan stroberi ne."

"Ruwan stroberi."

"E."

"Jovelyn, tun ba a haife ki ba nake taɓa stroberi, bai taɓa rina min farce haka ba."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na mayar da hannun baya kamar 'yar firamare, ita kuwa idonta ya riga ya sauka a kan kwalbar. Na manta ban rufe ta ba ma. Ta ɗauka, ta ɗaga ta saitin taga, ta karanta jikinta a hankali, ta ajiye.

"Kai. Wannan kam ban zata ba."

"Anti, tsaya ki ji..."

"Na gonar na sani. Wannan ne ban sani ba."

"Kin sani?"

"Kin ɗauka kwarin nan makafi ne? Ganyen irin Segundo da na irin kasuwa ko ɗan yaye ya san bambancinsu. Duk wanda ya bi ta kunyar gonarku sai ya tsaya ya kalla ya girgiza kai."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika dasa. Kafin nan ma an gan ki a hoto, ke da wancan mai gashin zakaran, kuna shan ruwan kwakwa a bakin teku ranar da rediyo ke ta ihun guguwa. Shi ya saka hoton da hannunsa."

Jama'a, wata uku ina wucewa ta gaban mutanen nan ina gaishe su da fara'a, suna amsawa, "Ya gona, Jovelyn?" ina cewa, "Lafiya lau, irin Tatang sai godiya." Ashe kallona kawai suke yi. Na so ƙasa ta tsage in shige, ƙasa kuwa siminti ce.

"Me ya sa ba wanda ya ce min komai?"

"A ce miki me? Mu ba mu iya tsinka mutum a gaban idonsa ba, kin sani. Jira muke ki buɗe baki da kanki."

"Nanang fa?"

"Wa zai kai wa mai hawan jini wannan labari? Ba wanda ya gaya mata."

Na kama hannunta, har na shafa mata jan a hannun riga. "Anti don Allah, yau kaɗai. Bari a ci Kirsimeti lafiya. Manong shekara huɗu rabonsa da gida. Gobe da safe da bakina zan faɗa, na rantse."

"Goben nan taki tun watan Satumba take tafe, har yau ba ta iso ba."

"Wannan karon da gaske nake."

Ta zare hannunta, ta kalli tabon da na yi mata, ta yi tsaki.

"Ni ba zan faɗa ba. Ba bakina ya kamata a ji shi ba. Mu masu rai ki ba mu kala mu sha, cikinmu ya saba da kwaɓa. Amma yayana fa? Za ki bari uwarki ta tsaya a gaban hotonsa ta kira shi ya zo ya ci wannan?"

Na juya ga kwanon kirim ɗin.

"Tambayarki nake."

"Ai... ai ba ci yake da gaske ba, Anti."

Ta kalle ni tun daga sama har ƙasa. Da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

"To," ta ce. "Ƙarasa aikinki."

Kuma na ƙarasa. Wannan ne abin da nake so ku sani, don kada wani ya zo yana min uzuri a ƙasan rubutun nan. Ba wanda ya riƙe min hannu. Na shimfiɗa kirim na ƙarshe, na lailaye samansa da bayan cokali, na saka a firiji. Na jefa kwalbar can ƙasan shara. Na wanke hannu da sabulu, na wanke da lemon tsami, na wanke da toka, jan nan ya ce yana nan daram. Ƙarshe safar hannun sanyi na zura.

Sha ɗaya da rabi suka dawo. Manong tun daga tsakar gida yake kwaɗa min kira.

"Ading! Ina manomiyar gidan?"

Haka yake kirana tun ina ƙarama, Ading, ƙanwa. Ya shigo kicin ya wuce ni kai tsaye ya buɗe firiji, ya tsaya yana kallon kwanon kamar ya ga tsohon aboki.

"Kai ka rufe min firiji, bai yi sanyi ba."

"Kallo kawai nake. Ba ki rage min ko guda ɗaya ba? Ɗanye nake so, in gatsa."

"Duk na zuba. Nunan fari ne, ba yawa."

"Rowa dai. Ba ki canza ba." Ya ja min kunne. "Kin san a can me muke nomawa? Wasu ƙatti kamar dunƙulen hannu, kowane da 'yar katifarsa a kwali. Kyau kamar a hoto. Ka gatsa, ruwa ne da sukari, shi ke nan. Na ce wa maigidana, kai ba ka taɓa cin stroberi ba, bari in je gida."

"Uhm."

"Me ye na safar hannu a cikin kicin?"

"Sanyi nake ji."

"Ciwon kan ne ya sauko hannu," Anti Turing ta ce daga bakin murhu, ba ta ko juyo ba.

Manong ya yi dariya, bai gane komai ba. Ya fita ya dawo da wani ƙunshi ya miƙo min.

"Buɗe."

Takalmin gona ne, dogo har gwiwa, mai laushin ciki, irin wanda ruwa ba ya shiga.

"Na ga naki a hoto duk ya yage. Ading, ban taɓa gaya miki ba, amma ina sane. Ni na gudu na bar ki da Nanang da gona. Tatang ya tafi ban zo ba. Ke kika tsaya. Da ba don ke ba da irin nan ya bi shi kabari."

Na rungume takalmin a ƙirji don in samu abin da zan ɓoye fuskata a ciki.

"Kuka kuma? Haba, takalmi ne fa, ba mota ba." Ya dafa kaina. "In an gama cin abinci ki saka shi ki kai ni gonar."

Anti Turing ta buga murfin tukunya da ƙarfi har sai da Nanang ta tambaya daga falo ko wani abu ya fashe.

Aka jera abinci. Kazar da Manong ya babbake da safe, taliyar Anti, shinkafa, ga kuma kwanona a tsakiya. Hoton Tatang yana kan ɗan teburinsa a kusurwa, yana sanye da hularsa ta kaboyi, yana wannan murmushin nasa na gefen baki. Yau kam ji na yi da ni yake.

"Wilmar," in ji Nanang, "bana kai za ka kai masa. Bai ga hannunka ba tun da ya tafi."

Manong ya goge hannunsa a wando, ya ɗauki wuƙa ya yanka. Da ya ɗago yankan sai na ga abin da awa biyu a firiji ta yi. Kalar ta tsiyaya ta bi kirim ɗin, ta ratsa biskit, komai ya koma wani irin ja mai haske kamar alewar yara.

Ya ɗan tsaya yana kallo.

"Bana ya yi ja sosai," in ji Nanang tana ƙanƙance ido, don idon nata ma ba ƙarfi. "Ƙasa ta yi mana kirki."

"Haka ne," Manong ya ce a hankali. Ya ɗora a farantin Tatang, ya kai gaban hoton da hannu biyu, ya ajiye.

Nanang ta dogara sandarta ta miƙe. Ta kunna kyandir. Muka tsaya a bayanta.

Na ce a raina, yanzu ne. Jovelyn buɗe baki. Kalma biyu ce, "Nanang tsaya." Anti Turing tana gefena, ina jin idonta a kuncina kamar garwashi.

"Segundo," Nanang ta fara, da muryar da take kiransa da ita in abinci ya sauka. "Zo ka ci. Kirsimeti ta zo. Ga ɗanka ya dawo, shi ya kawo maka da hannunsa."

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Ga naka nan da kake so. Daga gonarka ne, irinka ne, nunan fari. 'Yarka ce ta rena shi, ita ta tsinko, ita ta haɗa. Ba mu bar shi ya mutu ba, kamar yadda ka roƙa. Ka ci, ka sa mana albarka, ka tsare mana yaran nan."

Ta gama. Na bar ta ta gama.

Matar da ko farashin kabeji ba ta taɓa ƙarawa da ƙarya ba, na sa ta ta tsaya a gaban mijinta ta shirga masa ita da bakinta. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan lokacin ba.

Muka zauna. Manong ko kallon kazar bai yi ba.

"Ni da zaƙi zan fara, shekara huɗu nake jira."

"Kamar ubansa," in ji Nanang tana dariya.

Ya yanko babba. Ya cika cokali ya kai baki, ya lumshe ido.

Ya tauna sau ɗaya. Sau biyu.

Ya buɗe idon.

Ya sa bakin cokali ya tono ɗan yankan stroberi guda daga cikin kirim, ya juya shi, ya sake juyawa. Sai ya jawo kofin ruwansa na gilashi ya jefa shi a ciki, ya motsa da cokali.

Ruwan ya koma ja. Ɗan yankan ya taso sama, fari.

"Wasan me kake da abinci?" in ji Nanang.

"Ading." Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Cire safar hannun nan."

"Manong..."

"Cire."

Na cire. Na ɗora hannuwana a kan tebur, kowa ya gani.

"Me ke faruwa ne?" Nanang ta kalle shi, ta kalle ni. "Jovelyn, ƙonewa kika yi?"

"Kala ce, Nanang," na ce.

"Kalar me?"

"Ta kek."

"Me ya kai kalar kek cikin na mahaifinki?"

Manong ya tura mata kofin gabanta. Ta ɗaga shi kusa da idonta, ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta ciro ɗan yankan ta ɗora a harshe. Shekara talatin ta yi tana tsinkar irin nan a gefen mijinta, ba ta buƙatar ido.

"Wannan na kasuwa ne."

"Na gonarmu ne, Nanang."

"Gonarmu ba ta haifar wannan."

"Yanzu tana haifa."

Daga nan ban san yadda maganar ta riƙa fitowa ba. Na faɗi damina, na faɗi bakin teku, na faɗi Rodel, na faɗi yadda na dawo na tarar da ruwa har ƙugu a kwarin, na yi kwana biyu ina laluben laka da hannu ko zan samu saiwa ɗaya mai rai. Ina magana ina kallon shinkafar da ke gabana, don ba fuskar da zan iya kallo.

"Na tudun fa?" in ji Manong. "Ai Tatang kullum yana barin wasu a tudu, ko goma ne."

"Na sauko da su tun bara. Na ce hawan yana ba ni wahala."

"Duka?"

"Duka."

"Ko ɗaya babu?"

"Babu, Manong."

Ya jingina da kujera. Ya juya ga Anti Turing. "Anti, ke ba ki yi mamaki ba."

"Ni na sani. Kwarin duk ya sani."

"Kuka bar ni ina tsaye a ƙofar coci yau ina cika baki, ina ce wa mutane su zo su ɗanɗana irin Tatang?"

"Ɗana, ba mu ne za mu faɗa ba."

"Shi ya sa kowa yake sunkuyar da kai. Na zaci kunyar baƙo suke ji." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Har takalmi na sayo."

Da ya zage ni da na ji sanyi. Bai zage ni ba.

Duk wannan Nanang tana zaune, hannunta a kan sandarta, idonta a kan kyandir ɗin da ke ci a kusurwa. Can ta yi magana, ba tare da ta kalle ni ba.

"Ruwa ya ci shuka, wannan ba sabon abu ba ne. Ya ci ta kakanku, ya ci tamu sau biyu. Yarinya ta bi saurayi ta manta aikinta, shi ma ba a kanki aka fara ba."

"Nanang ki yafe..."

"Ban gama ba."

Na haɗiye sauran.

"Kina tsaye a bayana. Ina jin numfashinki. Na ce masa irinsa ne, na ce masa ba mu bar shi ya mutu ba. Kina ji."

"Ina ji."

"Shekara talatin da shida ina tare da mutumin nan, ban taɓa yi masa ƙarya yana da rai ba. Sai da ya mutu 'yata ta ari bakina."

Hawayena suka riƙa ɗiga a kan jan hannuna.

"Tashi," ta ce. "Je ki ɗauke farantin."

Anti Turing ta zabura, ta kira Nanang yadda ta saba kiranta, Manang, wato yaya. "Manang, ba a ɗauke atang kyandir yana ci. Ba a taɓa yi ba."

"Ba a taɓa ba shi kala ba kuma. Tashi, Jovelyn. Ni na kira shi, yana nan, bai tafi ba. Ki gaya masa da bakinki abin da ke cikin farantin, sannan ki ɗauke."

Tsakanin kujerata da teburin Tatang taku biyar ne. Ban taɓa tafiya mai nisansa ba. Na tsaya a gaban hoton, ga hula, ga murmushin gefen baki.

"Tatang," na ce.

"Ɗaga murya," in ji Nanang. "Kunnensa na hagu ba ya ji."

"Tatang, ni ce Jovelyn. Wannan ba irinka ba ne. Irinka ya mutu tun damina, ni na bar shi a kwari na tafi yawo. Wannan na kasuwa ne, na zuba masa kala don kada a gane. Abin da Nanang ta faɗa maka ba laifinta ba ne, ba ta sani ba. Ni na sani."

Na sa hannu biyu na ɗauke farantin. Gurbinsa ya zauna fayau a gaban hoton, ranar Kirsimeti, ba ko ƙwayar shinkafa. Na juyo da shi a hannu, ban san inda zan kai shi ba. In mayar kan tebur? In zuba a shara? Na tsaya a tsakiyar falo kamar gunki.

"Manong," na ce, "don Allah ka yi magana. Ko zagi ne. Na san na ɓata maka hutu. In ka koma Japan zan nemi..."

"In na koma ina?"

"Japan. Bayan sabuwar shekara."

Ya ɗago ya kalle ni. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya kalli Nanang, ya kalli hoton, ya sa tafin hannu ya shafe fuskarsa.

"Na so in bari sai an gama cin abinci in faɗa muku, a gaban Tatang, kowa yana murna."

"Faɗa mana me?" in ji Nanang.

"Sun ba ni takardar ƙarin shekara uku, na ƙi sa hannu. Na sallami ɗakina, na raba kayana, har an ɗauki wani a gurbina." Ya juyo gare ni. "Ba hutu na zo ba, Ading. Na dawo ne gaba ɗaya, in noma irin Tatang."